Ai An Yi Mata Allura

Litinin, 18 ga Satumba, bayan la'asar

An koma makaranta yau. Yara arba'in da ɗaya suka zo ajina, cikin hamsin da uku. Hedimasta ya ce girbin gero ne ya riƙe sauran. Amma gero ba ya riƙe 'yan aji ɗaya.

Raliya ta zauna a bencin gaba ita da Nabila, 'yar maƙwabciyarmu Gumsu. Yau ce ranarta ta farko a firamare. Na sa mata rigar sanyi duk da babu sanyi, saboda damshin safe ba ya shiri da ƙashinta. Shekara shida ke nan ina auna iska da ruwa saboda yarinyar nan. Mai sikila ba a yi masa ganganci.

Da muka dawo, mai shela ya biyo layinmu da lasifika a kan keke napep. Ya ce cutar mashaƙo ta shigo Gashuwa, duk yaron da ke zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a garzaya da shi asibiti, wanda ba a yi wa riga-kafi ba a kai shi. Ya ce a fara da yara masu wani ciwo a jiki tun asali. Sau uku ya maimaita wannan a daidai ƙofarmu.

Baban Raliya ya dawo daga Dagona, hannunsa baƙi ƙirin da man injin ban-ruwa. Yana wankewa a bakin randa ya ce, "Kin ji shela? Mu dai alhamdu lillahi, ai an yi mata."

Na ce ruwan wankansa na sanyi.

Talata, 19 ga Satumba, ƙarfe shida da rabi na safe

Ya koma Dagona. Injina huɗu ke jiransa a gonakin shinkafa, sai Asabar zai dawo.

Na sauko da gwangwanin takardu daga kan durowa. Na buɗe. Na rufe. Na mayar.

Talata, bayan an tashi

Lokacin hutun tara na hango Raliya da Nabila suna shan ƙanƙarar zoɓo guda ɗaya, wannan ta tsotsa ta miƙa wa waccan. Na yi wa Raliya faɗa saboda sanyi. Saboda sanyi kawai na yi mata faɗa. Sauran bai zo mini a rai ba sai yanzu da nake rubutu.

Laraba, 20 ga Satumba, azahar

Nabila ba ta zo makaranta ba. Gumsu ta leƙo ta katanga ta ce zazzaɓin sauro ne, ta ba ta magani. Ta tambaye ni ko ina da zuma, yarinyar ta ƙi haɗiyar komai.

Na ba ta. Ban miƙa mata hannu da hannu ba, a kan katanga na ajiye. Ina jin ta lura.

Laraba, bayan magariba

Zan rubuta maganar watan Yuni, ko zan samu in daina jin ta a kunnena.

Mun je ganin likitan sikila a babban asibitin Nguru, kamar yadda muke yi duk wata uku, ni da Raliya. Malamar jinyar da ke kula da yaran, Sista Kaltum, ta ce in ba ta katin riga-kafi. A da ba a cika tambaya ba, in an tambaya ma sai in ce na manto. Ranar yana cikin jakata. Ta duba gaba, ta duba baya, ta cire tabarau ta ce, "Malama Rahima, ke fa malamar makaranta ce."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ja kujera kusa da ni ta ce yaro mai sikila saifarsa ba ta aiki sosai, don haka cutar da wani yaro zai yi ya tashi, shi tana iya kayar da shi cikin kwana biyu. Ta ce irin su Raliya ne ya kamata a fara yi wa, ba su ne za a tsallake ba. Ta rubuta mini a takarda: waɗanda suka wuce ta tun tana jaririya, har da ta mashaƙo, sai ƙarin ta nimoniya da ta sanƙarau da ake so masu sikila su samu. Ta ce, "Wannan ta farkon a yau ma ana yi, ɗakin yana bayan nan. In raka ku?"

Na ce motar Gashuwa za ta tashi ta bar mu.

Da muka iso gida Baban Raliya ya tambaye ni me aka ce. Na faɗa masa abin da na faɗa masa.

Alhamis, 21 ga Satumba, sha ɗaya na safe

Na nemi izini na kai ta asibitin unguwa. Ban taɓa ganin layi irin wannan ba, mata har bakin titi, kowace da goyo da na riƙewa. Muka tsaya awa biyu a rana. Raliya ta fara jingina da ƙafata, idonta ya yi ɗorawa-ɗorawa. Saura mutum kamar ashirin a zo kanmu, wani ma'aikaci ya fito ya ce ta yau ta ƙare, sai Litinin za a kawo wata.

Da na ji haka wani abu ya sauka daga ƙirjina. Sauƙi na ji. Allah ya gani, sauƙi na ji. Ina rubuta shi don kada gobe in ce ban ji ba.

Juma'a, 22 ga Satumba, da hantsi

An fita da Nabila zuwa asibiti. Wuyanta ya kumbura har ya haɗe da haɓa. Da sassafe, kafin a fita da ita, ina tsakar gida ina jin numfashinta ta katanga, kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen ice.

Raliya ta ce, "Umma, mene ne wannan?"

Na ce akuyar su Gumsu ce.

Juma'a, bayan la'asar

Kogi ya ƙara cika. Waɗanda suka biyo ta gada sun ce ruwa ya shanye gonakin bakin gaɓa. Yara ashirin da tara a aji.

Na taɓa goshin Raliya sau bakwai yau. Ba komai.

Asabar, 23 ga Satumba, azahar

Nabila.

Asabar, bayan magariba

Ba a kawo ta gida ba, daga asibiti aka wuce. An ce kada mata su taru, amma sun taru. Na shiga na yi wa Gumsu gaisuwa daga bakin ƙofar ɗaki. Ba ta kuka. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Maman Raliya, ke kin huta. Ku masu zuwa Nguru kullum, an yi wa taki komai. Ni ce na yi sakaci."

Na ce Allah ya ba da haƙuri.

Ban gaya wa Raliya ba. Na ce an kai Nabila Machina wajen kakarta.

Baban Raliya ya dawo ya tarar da zaman makoki a layi. Ya shigo bai ko cire takalmi ba, ya ɗauki Raliya ya rungume ta har ta ce yana matse ta. Ya dube ni ta saman kanta ya ce, "Ai an yi mata ko?"

Yau da "ko" ya faɗa.

Na ce tuwo na huce.

Lahadi, 24 ga Satumba, bayan azahar

Masu riga-kafi sun zo gida-gida saboda rasuwar. Mata biyu da akwatin sanyi, da namiji mai riƙe da rajista. Duk yaran layin an fito da su. Ina jin kukansu gida bayan gida, yana matsowa.

Baban Raliya ne ya amsa sallamar. Ina tsaye a bayan ƙofar zaure, tsakanina da akwatin bai fi taku uku ba. Ya ce musu, "Tamu mai sikila ce, a Nguru ake ganinta. An yi mata duka." Ɗayar ta ce to a kawo kati su gani. Ya waiwayo ya ce, "Malama, katin fa?"

Na ce yana cikin fayil ɗinta a Nguru.

Matar ta ɗan tsaya. Na ga ƙafarta ta ƙarƙashin ƙofa, silifas shuɗi, ƙura har idon sawu. Ta ce, "Kin tabbata, Hajiya? Irinta ce muka fi nema." Mai rajistar ya ce gidaje sittin ne a gabansu. Suka ba da ƙwayoyin da za ta riƙa sha tunda ta yi cuɗanya da marigayiya, suka wuce.

Taku uku.

Gobe Litinin. Yana tafiya zan kai ta da sassafe, in kama layin farko, shi ke nan babu wanda zai taɓa sani. Gobe.

Litinin, 25 ga Satumba, bakwai na safe

Jikinta da zafi.

Litinin, sha biyun rana

Na kai ta duk da haka. Allurar ta zo, na ga akwatunan da idona. Ma'aikacin ya sa mata ma'aunin zafi ya ce ba zai yi mata da wannan zazzaɓin ba, sai ta warke. Ya gwada jininta, babu zazzaɓin sauro. Ya ce ta buɗe baki. Ta ƙi. Ya ce tunda mai sikila ce kada in tsaya jira, in wuce da ita inda fayil ɗinta yake.

Na kawo ta gida.

Na tambaye ta ina ke ciwo, gwiwa ko baya. Ta ce babu. Na matsa cinyarta, na matsa damtsenta, na ce nan fa? Ta ce babu. Shekara shida ina roƙon Allah ya raba ta da ciwon ƙashi. Yau na zauna a kan sallaya ina roƙon ya sa ciwon ƙashi ne. Shi na san shi. Na san ruwan ɗumi, na san maganinsa, na san kwana nawa yake yi.

Ta amayar da ƙwayar. Kunu cokali biyu.

Talata, 26 ga Satumba, bayan sallar asuba

Na haska mata fitilar waya a baki.

Talata, ƙarfe takwas

Na kira shi. Na ce ya bar injin ya zo. Bai tambaye ni komai ba.

Talata, bayan la'asar, Nguru

Ina rubutu a kan gwiwata, a barandar ɗakin da ake killace su. An ba ni takunkumi da riga mai ɗaurin baya.

A mota ba ta yi magana ba. Wani fasinja ya dubi wuyanta ya ja hularsa ya rufe hanci, a Jajimaji ya sauka, ban yi zaton nan za shi ba. Baban Raliya ya riƙe ta a cinyarsa duk hanya yana cewa, "Ba shi ba ne. Wanda aka yi wa allura ko ya kama shi ba ya tsanani. Haka suka ce a rediyo." Ba da ni yake ba. Ban san da wa yake ba.

Likita matashi ne, ya duba ta bai fi minti ɗaya ba ya ce a shiga da ita. Sai ya ɗauki biro ya fara tambaya. Shekara nawa, yaushe ya fara, wa ta yi cuɗanya da shi. Ya ce, "Riga-kafi fa, an kammala?"

Baban Raliya ya ce, "An yi mata."

A lokacin Sista Kaltum ta shigo da fayil, an aika an kira ta daga ɓangaren masu sikila. Ta ji amsar. Ta tsaya da fayil a ƙirji tana dubana.

Likita ya ce, "Sau nawa? Ina buƙatar gaskiyar lissafin, da shi zan yi aiki."

Na buɗe jaka na ciro katin. Tun asuba na sa shi a ciki, ban san lokacin da hannuna ya yi ba. Na ce, "Sau ɗaya. Tana wata biyar. Ban sake kai ta ba."

Likita ya rubuta, bai ɗago ba. Na ji ƙarar kujera a gefena. Da na juya, Baban Raliya ya fita.

Laraba, 27 ga Satumba, hantsi

An sa mata maganin kashe dafin cutar tun jiya, ta jijiya, a hankali, likita na tsaye a kanta. Ya ce wanda ya riga ya shiga jiki magani ba ya iya fito da shi, sai dai ya tare wanda bai shiga ba. Ya ce da mun zo Litinin da ya fi.

Yara tara ne a ɗakin. Kowa da irin sautinsa. Na riga na iya bambance nata ido rufe.

Yaya Yagana ta kawo abinci daga gidanta, ta ajiye a bakin igiyar da aka shata. Ta ɗaga mini hannu daga nesa. 'Yar uwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ma ba ta sani ba sai jiya.

Baban Raliya yana zaune ƙarƙashin darbejiya, wajen da maza ke zama. Bai dubi wannan ɓangaren ba.

Laraba, bayan azahar

Ban taɓa faɗa wa kowa dalili ba, don haka bari in faɗa wa takarda.

Na makara kai ta tun farko, sai da ta yi wata biyar. Aka yi mata a cinya. Ta yi zazzaɓi kwana biyu, kamar kowane yaro. Bayan sati guda hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura kamar an hura, ko zane ya taɓa ta sai ta ƙwalla ƙara. Kwana tara tana ihu. A nan aka gwada jini aka ce mana sikila ce. Likitan wancan lokacin ya ce kumburin shi ne yadda sikila ke fara nuna kanta a jarirai, da allura da babu allura zai zo. Na ji shi. Na fahimta. Ni nake koya wa yara wanke hannu da amfanin gidan sauro.

Amma ni na riƙe ƙafarta aka soka mata. Duk lokacin da ranar komawa ta zo sai in ce wata mai zuwa, in ta ƙara ƙwari. Sai ta yi wani ciwon. Sai in ce in ta warke. Da babanta ya tambaya sai na ce an yi, don kada ya kai ta da kansa. Daga baya ƙaryar ta girma ta fi allurar ban tsoro.

Shi ke nan dalilin. Da na rubuta shi sai na ga bai cika rabin shafi ba.

Alhamis, 28 ga Satumba, tara na safe

Jininta ya yi ƙasa. Ana neman leda biyu. Ni da shi ba za a ɗebi namu ba, tunda kowannenmu na ɗauke da rabin abin.

Alhamis, la'asar

Mutum biyar suka zo daga Dagona a bayan akori-kura, manoman da yake gyara wa injina, ƙafafunsu da taɓo. Na ji ɗayan yana cewa mai gadi, "'Yar Madu mai inji muka zo ba jini." Biyu suka dace.

Na leƙa ta taga na yi musu godiya. Babbansu ya ce, "Haba Malama, ai ƙaddara ce. Madu ya ce duk allurar da ake yi kun yi mata."

Ko da safe ya faɗa musu haka ko tun da can, ban sani ba.

Juma'a, 29 ga Satumba, azahar

Gadon da ke kusa da taga babu kowa. An wanke katifar an shanya.

Asabar, 30 ga Satumba, hantsi

An kawo wani tire an ajiye kusa da gadonta, an rufe da koren ƙyalle. Na tambayi mai jinya. Ta ce in numfashin ya toshe ne za a buɗe mata hanya ta wuya. Ta ce ajiyewa kawai aka yi.

Ina zaune tsakanin tiren da ita.

Sista Kaltum ta zo bayan ta tashi aiki, ta sa takunkumi ta zauna da ni. Na ce mata ranar Lahadi sun zo har ƙofar gida na kore su. Na ce da na bari an yi mata ranar fa?

Ta ce, "Ta Lahadi ba lalle ta hana wannan ba, ya riga ya shiga. Allura na buƙatar lokaci."

Na ji kamar an ɗan sassauta mini igiya.

Sai ta ce, "Ta watan Yuni ce."

Ta riƙe hannuna bayan ta faɗa. Ba ta janye maganar ba.

Lahadi, 1 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Tana nan.

Litinin, 2 ga Oktoba, bayan azahar

Ta yi tari mai ƙarfi, wani abu ya fito, toka-toka kamar fatar tsohon ganga. Na yi ihu. Mai jinya ta zo da gudu, ta duba, ta ce alhamdu lillahi, abin da ya lulluɓe maƙogwaron ne ya fara saki.

Ta sha ruwa rabin kofi. Kumburin wuyan ya ɗan sace. An ɗauke tiren.

Kwana shida ke nan babanta bai yi mini magana ba. Saƙo ta bakin Yaya Yagana yake bi: an ce a sayo kaza, an sayo. Ta ce mini, "Rahima, ki bar shi ya huce. Ko abinci ba ya ci." Ban san me zai biyo bayan hucewar ba. Na fara tunanin ɗakinmu na gidan Baba, ko har yanzu rufin yana zuba.

Laraba, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya aiko a kira ni.

Na cire rigar asibiti, na wanke hannu, na same shi a bayan ɗakin, wajen tankin ruwa. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Na durƙusa tun bai ce komai ba. Na ce, "Baban Raliya, duk hukuncin da ka yanke daidai ne. Abu ɗaya nake roƙo, ka bar ni in yi jinyarta har ta tashi."

Ya ce, "Tashi."

Ban tashi ba. Sai shi ya tsuguna.

Ya ce, "Bayan kun dawo daga Nguru a watan Yuni, ina neman takardar wani inji a gwangwani. Na ga katin. Na ga takardar da Sista ta rubuta. Bokona ba nisa, amma na san layin da aka cike da wanda ba a cike ba."

Na kasa gane abin da yake faɗa. Na ce amma ai kullum kana cewa an yi mata.

Ya ce, "Ina faɗa ne ko za ki ce mini a'a. In kin ce a'a, dole in ɗauke ta in kai ta. In kin yi shiru, sai in ce wa kaina ƙila an yi ba a rubuta ba." Ya ce, "Ni ma ina ɗakin nan kwana taran nan, Rahima. Ni nake zagaye tsakar gida da ita a kafaɗa."

Na ce, "Ranar Lahadi fa, da suka zo?"

Ya ce, "Na san katin yana kan durowa."

Rabon da ya kira sunana tun kafin a haife ta. Muka zauna a ƙasa kusa da tanki, ruwa na ɗiga. Ban ji sauƙi ba. A da na ɗauka mutum ɗaya ne ya yi sakaci da yarinyar nan.

Asabar, 7 ga Oktoba, hantsi

An mayar da mu ɗakin yara na kowa da kowa. Gwaji biyu sun nuna ba ta yaɗawa. Ta ci ayaba. Ta ce in tsefe mata kai.

Ta tambayi Nabila, ko ta dawo daga Machina. Ya dube ni, na dube shi. Na zauna a bakin gado na ce mata Nabila ba ta je Machina ba, irin ciwonki ta yi, Allah ya karɓi abarsa. Ta daɗe tana kallon silin. Ta ce, "To wa zai zauna a bencina?" Sai can da rana ta yi kukan.

Talata, 10 ga Oktoba, sha ɗaya

Yau aka ce za a sallame mu. Na ɗaure kaya tun safe, babanta ya je tasha ya kama mana kujerar gaba.

Likita ya zo ya sa abin sauraro a ƙirjinta. Ya daɗe. Ya matsar da shi, ya sake daɗewa. Ya riƙe wuyan hannunta yana duban agogo. Ya fita ya dawo da wani likita babba, shi ma ya saurara. Suka yi magana da Turanci ƙasa-ƙasa, sun manta ina ji.

Ya ce dafin yakan taɓa zuciya bayan maƙogwaro ya warke, sati biyu ko uku. Ya ce bugun nata yana tsallake. Kada ta tashi, kada ta yi wasa, ko bayi a gado.

Na kwance kayan.

Alhamis, 12 ga Oktoba, azahar

Ta sha shayi ya fito ta hanci. Muryarta ta koma ta hanci, kamar ba tata ba. An ce shi ma dafin ne, yakan wuce.

Yakan. Na tsani kalmar nan.

Asabar, 14 ga Oktoba, la'asar

An liƙa mata wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane kamar haƙoran zarto. Likita ya duba ya ce tsallaken bai ƙaru ba.

Hedimasta ya kira. An rufe aji ɗaya da aji biyu sai abin da hali ya yi. Ya fara lissafa mini sunaye, na ce ya bari sai na dawo.

Talata, 17 ga Oktoba, hantsi

Bai ƙaru ba.

Juma'a, 20 ga Oktoba, bayan azahar

Bugun ya fara daidaita. Haka babban likitan ya ce, kuma shi ba mai yawan magana ba ne. Za mu tafi Litinin in Allah ya kai mu. Ba gudu, ba makaranta, ba ɗaukar ko buta, sai an ga yadda wata biyu za su yi. Duk sati a kawo ta a saurari ƙirji. Na tambaye shi ko zuciyar za ta koma kamar da. Ya ce yawanci. Ya ce da sikila a gefe ba zai yi mini alkawari ba.

Sai ya ce kafin mu tafi za a yi mata allurar.

Na ce ai ta riga ta yi ciwon. Ya ce wannan ciwon yin sa ba ya hana a sake yin sa. Za a fara da ta mashaƙo, bayan sati huɗu ta biyu, sauran na nimoniya da sanƙarau Sista Kaltum za ta tsara mana ranakunsu.

Tsoron ya dawo, kamar dai da. Ashe ba ya tafiya. Na ce to.

Litinin, 23 ga Oktoba, goma da rabi na safe

Sista Kaltum da kanta ta tura ta a keken marasa lafiya har ɗakin riga-kafi, wanda ke bayan nasu. Ƙaramin ɗaki ne, firiji ɗaya, benci ɗaya, kalanda. Mu uku muka shiga da ita.

Sista ta ce wa zai riƙe ta. Na ce ni. Ya ce shi. Raliya ta ce da muryar nan tata ta hanci, "Ba sai an riƙe ni ba." Ta naɗe hannun rigarta da kanta. Duk bayan hannunta tabon ƙarin ruwa ne, baƙi-baƙi, har babu inda za a sa yatsa.

Na ɗora ta a cinyata duk da haka. Sista ta goge damtsen da auduga, ta ce ta kalli kalanda ta faɗa mata wane wata ne.

Ta ce, "Oktoba."

Sista ta danna audugar, ta jefa sirinjin a kwali.

Raliya ta dubi damtsenta. Ta dubi Sista. Ta juyo ta dube ni, tana jira a ci gaba.

Ta ce, "Umma, shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Ta ce, "Wannan ce kawai?"

Babanta ya tashi ya fita waje.